Fadar Damagaram da lungunan Birni

Mai son kayan tarihi in ya zo Zinder, ya fara da fadar Sarkin Damagaram a Birni, ginin zamanin Sarki Tanimun. A je da sassafe, domin da hantsi ya yi duwatsun unguwar kan ɗau zafi, tafiya ta gagara. A ƙofa a gai da dogarai, kada a ɗaga waya don hoto sai an nemi izini. Nan baƙi suka fi yin kuskure.

Sai a bi lunguna a ƙafa, a tsaya kusa da bangon gidajen ƙasa a dubi zane da zankwaye. Abin takaici shi ne inda aka yaɓe da siminti: danshin damina kan maƙale ciki, ƙasar ta jiƙe, yaɓen ya ɓantare da zanen gaba ɗaya.