Inda na kai wajen ware ƙananan ƙwayoyin yis

'Yan uwa masu koyo, ga inda aka kwana a aikin ware ƙwayoyin yis bisa matakin da kowacce take a zagayen rabuwarta. Burin shi ne in samu ƙwayoyin da duk suke mataki ɗaya, su riƙa rabuwa tare. Na jingine alfa-fakta tukuna, wato sinadarin da yis ke fitarwa don neman abokin haɗuwa, na koma ware su da girma.

Alfa-fakta yana tsayar da ƙwayoyin MATa (ɗaya daga jinsunan yis biyu) a matakin G1 kam, wato matakin girma kafin a kwafi DNA, amma ba ya hana su ƙiba, har su fito da ɗan tsini a gefe guda. A ganina, ƙwayar da aka tsare da ƙarfi ba ɗaya take da wadda ta iso G1 da ƙafarta ba. Sinadaran haidiroksiyuriya da nokodazol ma tsarewar suke yi, na farko a farkon S (matakin kwafar DNA), na biyu a G2/M (dab da rabuwa).

Ƙwayar yis ɗin da nake aiki da ita, Saccharomyces cerevisiae, toho take yi, kuma 'yar da ta ɓalle ba ta kai uwar girma ba, sai ta daɗe a G1 tana ƙara jiki kafin ta fara nata tohon. Ke nan wanda ya tsamo ƙanana marasa toho, ya samu 'yan G1. Manyan ɗakunan bincike suna yin haka da na'urar juyi mai kan JE-5.0 na Beckman, inda ake tura ruwa ya yi gaba da ƙarfin juyin, ƙanana su riga fita. Tunda babu ita a hannuna, na bi hanyar Mitchison da Vincent ta 1965: ruwan sukari a bututu, mai kauri a ƙasa, mai tsinkewa a sama, a ɗora ƙwayoyin a hankali, a juya da ƙaramin gudu na 'yan mintuna. Manya su nutse, ƙanana su maƙale a sama.

Wurin zuƙowa ne ke son natsuwa. Za ku ga wani farin hazo a tsakiyar bututun. Bakin fifet, wato tsinken zuƙo ruwa, ya tsaya a gefensa na sama kawai, kada kwaɗayin yawa ya ja ku ƙasa. Tun kafin a ɗora su a kan ruwan sukarin ma, a ratsa su da sonikato, na'urar da ke rarraba su da girgizar sauti, na 'yan daƙiƙu, don uwa da 'ya da suka manne tare suke nutsewa.

Na wanke sukarin, na zuba ƙwayoyin a YPD, ruwan abincin da ake renon yis a ciki, a zafin digiri 30, ina ɗiba duk minti 15, ina ƙirga ƙwaya 200 a madubin ƙara girma. Tohon farko ya fito kusan lokaci guda, abin gwanin ban sha'awa. A zagaye na biyu kuwa sahun ya fara wargajewa, domin iyaye suna riga 'ya'yansu toho.

Abin da ake samu kaɗan ne, bai isa aikin furotin ba. Mataki na gaba shi ne rina DNA ɗinsu, in tabbatar 1C, wato DNA ɗin da ba a riga an kwafa ba, ne ya rinjaya a ɗiban farko.