Tarihin Rayuwata A Tuƙin Jirgi, Kashi Na 9: Ƙetare Tsaunuka Zuwa Hamada

Masu karatu, assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya kan duba jirgi kafin tashi. Yau za mu ɗauki ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, irin Cessna 172, mu ƙetare tsaunuka da shi zuwa filin jirgin da ke cikin hamada.

Wahalar wannan tafiya daga iska take. Tsawo da zafi duk suna rage mata kauri, idan kuwa ta yi sako-sako inji ba ya samun isasshen numfashi, farfela da fukafukai ma ba sa kama ta yadda ya kamata. Injin da ba shi da turbo, wato na'urar da ke matsa iska cikin inji, yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Ga lissafin da nake so kowane ɗalibi ya haddace: a filin da ke kan ƙafa 5,000 sama da teku, zafin da aka ƙiyasta a matsayin na daidai digiri 5 ne a ma'aunin Celsius. Idan ma'auni ya nuna 35, an haura da 30, kowane digiri kuma yana ƙara kusan ƙafa 120. Jirgin zai yi aiki ne kamar yana kan ƙafa 8,600, wato rubu'in ƙarfinsa ya tafi tun yana ƙasa. Shi ya sa ake tashi da sassafe, a rage kaya, a kuma rage man da ke shiga inji har ya daidaita da iskar.

Kada a tunkari ƙolin tsauni kai-tsaye. A zo masa a karkace, a kusurwar digiri 45, da tazarar ƙafa 2,000 a samansa, domin in abu ya ɓaci ɗan juyi kaɗan ya isa a koma. A bayan tsauni iska gangarowa take, tana iya jan jirgi ƙasa da fiye da ƙafa 1,000 a minti, alhali jirgin nan a ƙafa 10,000 da ƙyar yake hawan 300. Matuƙin da ya firgita ya ɗaga hancin jirgi sai gudu ya ragu, fukafukai su daina ɗauka. Abin yi shi ne a ba da wuta duka, a riƙe gudu, a juya zuwa inda ƙasa ta fi sauka. Idan iskar ƙoli ta kai mil 30 a awa, ko aka hango gajimare masu sulɓi sun tsaya cak a kan duwatsun, ni dai shawarata a ɗage tafiyar.

Akwai alama mai sauƙi: in kana matsowa ƙasar da ke bayan tsaunin tana ƙara bayyana, ka fi shi tsawo. In tana ɓuya, juya.

Wajen sauka ido yana yaudara. Saboda rashin kaurin iskar, za ka ga ƙasa tana wucewa da sauri fiye da yadda ka saba, ka ji kamar ka rage gudu. Kar ka rage. Bi abin da ma'aunin gudu ya nuna, ka san cewa za ka ci titi mai tsawo kafin ka tsaya. In guguwa ta tsaya kan titin, a sake zagayowa. Tun kafin a baro gida kuma a buga waya a tabbatar akwai mai a filin, a ɗauki ruwan sha da igiyoyin ɗaure jirgi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar tashi daga wannan fili da nauyin da jirgin zai iya ɗauka.