Tarihin Rayuwar Lewis Hine, Kashi na 3: Shekarun Farautar Shaida

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun bar Lewis Hine, Ba'amurken nan mai ɗaukar hoto, a tsibirin Ellis da ke bakin birnin Niyok, yana ɗaukar hotunan baƙin da jiragen ruwa ke saukewa daga Turai, alhali har lokacin malamin makaranta ne. Yau za mu shiga shekaru goman da suka sa duniya ta san sunansa.

A 1908 ya ajiye alli, ya koma mai ɗaukar hoto na wata ƙungiya mai suna National Child Labor Committee, wadda aka kafa a 1904 don yaƙi da sa ƙananan yara aikin ƙarfi. Matsalar ba ƙarama ba ce. Ƙidayar Amurka ta 1900 ta nuna yara kusan miliyan 1.75 'yan shekara 10 zuwa 15 suna aikin neman kuɗi. Ƙungiyar tana da alƙaluma, amma alƙaluma ba sa hana kowa barci, masu masana'antu kuwa da an yi magana sai su ce ƙarya ake musu. Ido ake bukata ya gani. Shi kuma Hine ba baƙo ba ne a wannan wahala, don in ba ku manta ba, bayan rasuwar mahaifinsa ya yi aiki a kamfanin kujeru a garinsu Oshkosh, awa 13 a rana, kwana shida a mako, a kan dala 4 a mako.

To, ta yaya mutum zai shiga masaƙa da kyamara, mai ita ba ya so? Nan ne malam ya koyi dabara. Wata rana ya ce shi jami'in duba hatsarin gobara ne, wata rana mai tallar Littafin Baibul, wata rana mai sayar da katin hoto. Wani lokaci ya ce injuna ya zo ɗauka, sai ya roƙi a tsayar masa da yaro kusa da injin, wai don a gane girmansa. In duk an hana shi shiga, sai ya laɓe a bakin ƙofa tun duku-duku, ko ya jira lokacin tashi. Ku tuna kyamarar ba ta aljihu ba ce. Akwati ne na katako mai ƙafa uku, ga faifan gilas da ake ɗaukar hoton a kansu, ga garin magniziyam da ake kunna wa wuta ya yi walƙiya da hayaƙi. Mai irin wannan kaya ba ya ɓuya, sai dai bakinsa ya fisshe shi. An sha korarsa, an kuma sha yi masa barazanar duka.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne taka-tsantsan. Ya san ranar da aka kama shi da hoto ɗaya na bogi, sauran duk sun tashi a banza. Shi da kansa ya faɗa a wani jawabi a 1909 cewa ko da hoto ba ya ƙarya, maƙaryaci na iya ɗaukar hoto. Saboda haka ya auna tsayin kowane maɓallin rigarsa daga ƙasa. Da yaro ya tsaya kusa da shi, ya san tsawonsa ba tare da ya fito da abin awo ba. Yana hira da yaron, hannunsa na cikin aljihu yana rubuta suna da shekaru da awannin aiki da abin da ake biya. In ya samu hali, har gida yake bi ya tabbatar da ranar haihuwa. Shi ya sa kusan kowane hoto nasa yake tafe da bayaninsa, tamkar takardar shaida a gaban alƙali.

A Nuwamban 1908, a wata masaƙar auduga da ke Lancaster a jihar South Carolina, ya ɗauki wata yarinya mai tsawon inci 48 tsaye gaban jerin injin kaɗi da ya miƙe har ƙarshen ɗaki. A Macon ta jihar Georgia ya tarar da yara maza da ƙanƙantarsu ta kai sai sun hau jikin injin kafin su ƙulla zaren da ya tsinke ko su canza kwarkwaro. A Janairun 1911 ya isa mahaƙar kwal ta Pittston a Pennsylvania, inda yara ke zaune a duƙe yini guda suna tsince duwatsu daga cikin kwal da ke gangarowa ta ƙarƙashinsu. Ya rubuta cewa ƙurar takan yi kauri har ba a gani sosai, kuma akan samu wani tsaye a kansu yana zungurinsu ko ya shure su. Daga nan sai masu ɓare jatan lande a Biloxi, cikinsu har da ɗan shekara biyar, sai 'yan tallar jarida da ke kwana a kan titi.

Duk da haka bai mai da su abin tausayi kawai ba. Yakan sauko da kyamarar daidai tsayin yaron, yaron kuma ya zuba wa gilashin ido. Mai kallo ba shi da wurin kau da kai.

Hotunan sun shiga jaridu da ƙasidu, an nuna su a majigi a tarurruka. A 1912 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar kula da yara. A 1916 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a dokar Keating-Owen, wadda ta hana kai kaya daga jiha zuwa jiha in masana'antar da ta yi su na ɗaukar 'yan ƙasa da shekara 14, ko mahaƙar na ɗaukar 'yan ƙasa da 16. Murnar ba ta je ko'ina ba. A 1918 Kotun Ƙoli ta rushe dokar, alƙalai biyar suka rinjayi huɗu. Wanda kuwa aka shigar da ƙarar da sunansa, Roland Dagenhart, ma'aikacin masaƙa ne a North Carolina, uba ne da ke neman a bar 'ya'yansa biyu su ci gaba da aiki. Mai neman ɗora laifin duka a kan attajirai sai ya tsaya ya duba wannan: albashin uban ba ya ciyar da gida, kuma su attajiran ne suka yanka albashin. Sai a 1938 aka samu dokar tarayya da ta zauna daram.

A waɗannan shekaru Hine ya tara hotuna sama da 5,000, yau suna ajiye a ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka. A 1918, bayan saɓani da ƙungiyar kan albashi, ya tattara kayansa ya bi Red Cross zuwa Faransa, ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ya tarar a can, da yadda daga baya aka rataye shi cikin kwando a saman dogon ginin Empire State da ke Niyok yana ɗaukar hoton magina, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.