Wayoyin wutar gidanmu na haya a Garwa

Wata uku ke nan muna jin ƙauri a ɗakin tsakiya, ina cewa turaren sauro ne. Shekaranjiya da aka yi ruwa, ƙaramar 'yata ta taɓa ƙofar ƙarfe, wuta ta ja ta. Allah Ya kiyaye.

Washegari na kira mai gyaran wuta. Da ya ɗaga silin sai ya yi salati. Wayoyi a tsirara kan katako, an naɗe mahaɗarsu da baƙar leda, ɓera ya cinye rabi. Soket ɗin firji da dutsen guga kuwa siririyar waya ce ta ƙwan fitila, mai lamba 1.5, alhali mai lamba 2.5 da ta fi kauri ake sawa, shi ya sa take zafi har roba ta narke. Wayar ƙasa, wadda ke kai wuta cikin ƙasa don kada ta ja mutum, babu ita sam. Wuta mai ƙarfin volt 220 fa!

Na ɗauki hotuna na kai wa mai gida. Ya ce, "Malam, shekara goma ba abin da ya faru." Na ce, "Alhaji, da yara a gidan."

Jiya na kai maganar gaban mai unguwa, an shirya a gyara ranar Asabar, a cire kuɗin daga haya. Kafin nan mun kashe layin ɗakin, da tocila muke kwana.