Ranar da na ɗanɗana shuɗin cuku

Alhamis da dare, Jidda.

Bayan sallar La'asar na kai Goggo da 'yata babban kanti domin sayayyar ƙarshen mako, kuma a can ne abin da na daɗe ina kewaya shi ya tsayar da ni. A sashen cuku, tsakanin farin jubna da mutanen nan ke ci da burodin tamis da safe da kuma rawayan cukun da ake yankawa falle-falle, akwai wani ɗan yanki mai siffar kusurwa uku da aka kawo daga Danmak, fari ne amma jijiyoyi shuɗaye masu ratsin kore sun ratsa shi ko'ina. Larabawa suna kiransa jubna zarƙa. Goggo ta leƙa ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan ai ya yi fumfuna, yaya aka bar shi a cikin kaya?" Na ce mata, "Goggo, fumfunar ce ake saye, da gangan aka shuka ta a ciki." Ta kama haɓa, ba ta ƙara cewa komai ba, ni kuwa na duba takardar jikinsa, na ga an rubuta cewa abin da aka daskarar da madarar da shi ba daga tumbin maraƙi aka samo shi ba, sai na jefa shi cikin kwando.

Shekara 6 ke nan rabona da shayi mai madara. Kafin lokacin, duk ranar da na sha kofi ɗaya da safe, kafin hantsi cikina ya kumbura kamar ganga, ya riƙa ƙugi da murɗa, wani lokaci har da zawo. Na sha jiƙo iri-iri ina zaton basir ne ko shawara, har wata likita ta sa aka yi mini gwajin numfashi: aka ba ni ruwan sukarin madara na sha, na riƙa hura iska cikin wata na'ura lokaci bayan lokaci. Ta bayyana mini cewa a cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma ƙaramin hanji yana fitar da wani sinadari mai suna laktes wanda ke farfasa shi. Idan mutum ya girma laktes ɗin ya ragu, sai sukarin ya wuce babban hanji yadda yake, ƙwayoyin halittar da ke can su yi ta cinsa suna fitar da iska, shi kuma ya jawo ruwa. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya haka suke, saboda haka ba cuta ba ce da ta keɓanta da ni. Masu shan madara lafiya lau har tsufa galibi jikokin makiyaya ne, irin Fulani, da Beja na gabashin Sudan, da Larabawan ƙauye masu nonon raƙumi, da mutanen arewacin Turai. Goggo, wadda mahaifiyarta Bafulatana ce, tana shanye kwanon madara ta kwanta ta yi barci.

Kuskuren da na yi a shekarun nan shi ne na yi wa duk abin da ya fito daga hantsar saniya kuɗin goro. Na bar laban, wato nono mai tsami, na bar man shanu, na bar cuku kowane iri, alhali likitar ta gaya mini tun farko cewa matsalar tana ga yawan laktos ne. Kofin madara yana ɗauke da kusan giram 12, amma a wajen yin cuku, idan madara ta daskare, mafi yawan sukarin yana bin ruwan da ake tsiyayewa, ragowar kuma ƙwayoyin tsami su mayar da shi tsami a makonni da watannin da cukun ke kwance yana nuna. Yankin da bai wuce giram 30 ba na irin wannan cuku, laktos ɗin cikinsa bai kai giram 1 ba. Na san wannan a kaina tuntuni, tsoro ne kawai ya hana ni gwadawa, domin wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake yi.

Bayan Magariba na zauna da burodi da dabino da shayi baƙi, na buɗe takardar. Warin ya fara isowa kafin komai, mai ƙarfi, mai ɗan hawa hanci, kamar ɗakin ajiya da aka daɗe ba a buɗe ba bayan damina. 'Yata ta toshe hanci ta ce, "Abba, don Allah kada ka ci." Na gutsuri kaɗan na ɗora a kan harshe ba tare da burodi ba, domin ina so in ji shi shi kaɗai. Gishiri ne ya fara bugo ni, mai yawa ƙwarai. Daga nan maiƙon ya narke kamar man shanu, sai wani ɗan yaji ya taso daga wuraren shuɗin, ba irin na barkono mai ƙona baki ba, wani kaifi ne da ke tsirawa a gefen harshe ya haura dasashi, a bayansa kuma ɗan ɗaci da ɗanɗanon ƙasa jiƙaƙƙiya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne na gane shi. Daddawa ce ta faɗo mini a rai nan take: abu ne da aka bari ya ruɓa bisa ƙa'ida, warinsa yana korar baƙo, amma wanda ya saba da shi ya san miya ba ta cika sai da shi. Da na haɗa shi da dabino sai zaƙin ya kwantar da gishirin, nan ne na ji daɗinsa sosai, har na lumshe ido.

Goggo ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni in ji abin da ya sa ka yin shiru haka." Ta tauna a hankali, ta yamutse fuska, sannan ta ce ai wannan daddawar Nasara ce, kuma cukun da ta sani tana yarinya, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya, bai da wannan fitina. Ban bari ta ƙara ba saboda hawan jininta, gishirin ya yi mata yawa. Na gaya mata cewa a kudancin Faransa akwai wani ƙauye, Roquefort, inda ake yin irinsa da nonon tumaki a ajiye shi cikin kogunan dutse masu sanyi da laima, ba ya nuna sai ya yi aƙalla wata 3, kuma ana sossoke shi da dogayen allurai domin iska ta shiga, fumfunar ta bi hanyoyin ta yaɗu. Italiya tana da Gorgonzola, Ingila tana da Stilton, duka da nonon saniya. Matata kuwa ko taɓawa ba ta yi ba, domin tana da juna biyu, kuma likitoci suna hana masu ciki irin wannan cuku mai laushi saboda wata ƙwayar cuta da ke iya yaɗuwa a cikinsa ta cutar da ɗan tayi.

Ina da ƙwayoyin laktes a aljihun tebur, amma da gangan ban haɗiya ba, don ina so in san gaskiyar cikina. Na yi Isha'i a masallacin unguwa ina sauraron kowane motsi, na dawo na zauna ina jira. A da, awa 2 ba ta cika sai ƙugin ya fara. Yanzu ƙarfe 12 saura kwata, awa 5 da ci ke nan, ciki shiru, ba kumburi ba murɗa, sai ƙishirwa kawai da gishirin ya bar mini, na kuwa sha ruwa kofi uku.

Na naɗe ragowar da kyau na sa a cikin mazubi mai murfi, domin matata ta ce warinsa kada ya kama mata sauran abincin firij. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan gwada rabin kofin laban tare da abincin rana.