Zancen PCOS, ko ba ki neman ciki

'Yan uwa mata, yau zancen PCOS zan yi, wato wata matsalar sinadaran jiki (homon) da ke shafar ma'ajiyar ƙwan mace, don tun da likita ta ce ina da ita na lura duk wadda na yi wa maganar sai ta ce ai ciwon rashin haihuwa ne, in dai ba ciki kike nema ba, ki share kawai. Wallahi ba haka abin yake ba.

Ni dai al'adata ce take yin watanni ba ta zo ba, ga gashi mai kauri a haɓa, ga ƙuraje da suka ƙi barina alhali na daɗe da wuce shekarun balaga, sannan bayan wuyana ya yi duhu kamar datti, duk dirzar da zan yi yana nan. Ashe wannan duhun alama ce ta jiki ba ya jin insulin (sinadarin da ke daidaita suga a jini) yadda ya kamata, sai jikin ya riƙa ƙara fitar da shi, yawan insulin ɗin kuma ya sa ma'ajiyar ƙwan mace ta fitar da homon na maza fiye da ƙima, daga nan sai gashi da ƙuraje, ƙwai ya daina fita a kan lokaci, ƙiba kuma ta zo ta zauna daram.

Ba da sikanin kaɗai ake gane ta ba, wannan ki riƙe. Ƙa'idar da likitoci suka amince da ita a birnin Rotterdam na ƙasar Holland a 2003 ita ce a samu biyu cikin abu uku: al'ada mai tsallake, alamun homon na maza a jiki ko a gwajin jini, da ƙananan ƙwayaye da yawa a ma'ajiyar ƙwai idan an yi sikanin. Waɗannan ƙwayayen ma ba ƙari ba ne, ƙwai ne da suka fara girma suka tsaya. Sai da aka ɗebi jinina aka duba tayirod (wata gaɓa ce a wuya mai fitar da homon) da homon ɗin da ke kawo ruwan nono, don su ma suna iya ɗauke al'ada. Kuma fa kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa tana da ita, da yawa ba su ma sani ba.

Toh ga abin da ya sa na ce kar a share. In ƙwai bai fita ba, bangon mahaifa yana ta ƙara kauri ba ya zuba, shekara da shekaru a haka yana ƙara haɗarin kansar mahaifa. Shi ya sa likitata ta ce kar in bari ya wuce kwana 90 ban ga jini ba. Ga kuma ciwon suga da yake iya biyowa baya, shi ma ba ruwansa da ko kina da aure ko ba ki da shi.

Ba ta warkewa gaba ɗaya, lallaɓa ta ake yi. An ɗora ni a kan ƙwayar tsarin iyali don daidaita al'ada, da metformin saboda insulin ɗin, shi kam a farko ya hargitsa min ciki sosai, sai da aka ce in riƙa sha tare da abinci. Na rage zaƙi, ina tafiyar ƙafa kusan kullum. Masu cewa "ki rage ƙiba kawai" suna ba ni haushi gaskiya, da wannan ciwon ragewar akwai wuya, amma ko kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki kika sauke al'ada tana iya dawowa. Siraran mata ma suna da ita.

Mai neman ciki kuma ai ba ƙwayar tsarin iyali za a ba ta ba, akwai letrozole da ke sa ƙwai ya fita, mata da yawa sun haihu da shi. Ki dai gaya wa likita abin da kike so yanzu, don da shi za ta zaɓar miki magani.