Zancen makaranta da jarrabawa ne ya buɗe wa ɗiyar yayata baki a Turanci

A shekarar da ɗiyar yayata ta zauna jarrabawar kammala sakandare ta WAEC, ta samu kiredit a darussa bakwai, har da Lissafi, amma Turanci ya tsaya mata a D7. Wanda bai san tsarin ba zai ce ai ta ci, tunda ba F9 aka rubuta mata ba, sai dai duk wanda ya taɓa neman gurbi a jami'a ya san cewa kiredit a C6 yake tsayawa, kuma kiredit biyar ɗin da ake nema ba su cika sai da Turanci a cikinsu. Wannan mataki ɗaya tak shi ya zaunar da ita a gida. Yayata ta kawo ta gidana a Fadaman Mada, a nan cikin garin Bauchi, ta ce tunda ni ake kira ɗan bokon gida, to ga aiki ya samu. Ni kuwa ba malamin Turanci ba ne, aikin akanta na karanta, amma ba a ce wa babbar ya a'a.

Makonnin farko ba su yi armashi ba. Na sayo littafin tambayoyin shekarun baya, muka riƙa zama bayan sallar Isha'i, in zaɓi taken insha'i in ba ta, ita kuma ta zuba wa takarda ido har alƙalami ya gaji da riƙo. In ta rubuta wani abu, sai in tarar da jimlolin buɗe wasiƙa ne da ta haddace tun a aji, waɗanda ba su da alaƙa da abin da aka tambaya. Ranar da na ba ta take a kan cunkoson motoci a manyan birane ne ta ajiye alƙalamin ta ce, "Kawu, ni fa wannan ko da Hausa aka ce in rubuta, ban san abin da zan ce ba." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin ta nuna mini cewa kaya biyu nake ɗora mata a lokaci guda: neman abin faɗa, da neman harshen da za ta faɗe shi. Sai na yanke shawarar sauke mata ɗaya. Na tambayi kaina, wane abu ne yarinyar da ta yi shekara goma sha biyu tana zuwa makaranta ta fi kowa sani? Makarantar ce, da azuzuwanta, da zangunan karatunta, da jarrabawar da ta kayar da ita.

Washegari na ce ta ba ni labari da Turanci, da baki ba da rubutu ba, tun daga ranar da aka kai ta aji ɗaya na firamare har zuwa ranar da ta fito daga ɗakin jarrabawa. Ta yi ta tuntuɓe, tana cakuɗa abin da ya wuce da abin da ake ciki, amma ba ta yi shiru ba, domin tana da abin faɗa. A cikin wannan labari guda muka samu duk abin da na yi makonni ina nema: lokutan fi'ili, ƙidayar jeri irin su na farko da na uku da na shida, da kalmomin da ke haɗa abin da ya riga da abin da ya biyo. Daga nan na faɗaɗa mata. Na gaya mata cewa tsarin da ta bi, wato shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babba, huɗu a jami'a, an fara aiki da shi a 1982, kuma shirin ilimin bai ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka yi masa doka a 2004, shi ya haɗe shekaru tara na farko ya mai da su matakin tushe. Na tura ta wurin babban yayanmu, wanda ya yi fom ɗaya zuwa fom biyar, ta tambaye shi yadda nasu zamanin yake, ta dawo ta rubuta mini bambancin. Shi kuma da yake mai son tarihi ne, bai sallame ta ba sai da ya kai ta har zamanin elementare da midil, ya ba ta labarin Midil ta Bauchi, inda Abubakar Tafawa Balewa ya koyar kafin ya tafi ƙarin karatun koyarwa a Landan a 1945, inda kuma Malam Aminu Kano ya yi aikin malanta. Wannan rubutu shi ne na farko da ta cika shafi biyu ba tare da jimlar hadda ko ɗaya ba.

Sunayen hukumomin jarrabawa ma sun zame mana darasi. Tun tana ƙarama take furta WAEC da NECO da JAMB, amma ba ta taɓa warware baƙaƙen ta ga kalmomin da ke ciki ba. Da muka warware, ta koyi cewa WAEC an kafa ta a 1952 kuma ƙasashe biyar ne suka haɗu a kanta, Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, cewa NECO ta zo a 1999 kuma hedkwatarta tana Minna, JAMB kuwa a 1978. Abin da ya fi ba ta mamaki shi ne harafin ƙarshe na JAMB, wato "board", kalmar da ita a saninta allon da malami ke rubutu a kai take nufi. A ranar ta gane cewa kalma guda tana iya zama allo a aji, ta zama hukuma a ofis, ta kuma shiga cikin sunan makarantar kwana. Tun daga nan ta daina tsayawa a ma'anar farko idan ta buɗe ƙamus.

Inda muka fi daɗewa, kuma inda ni kaina na ƙaru, shi ne kwatanta tsarinmu da na Ingila da Amurka. A Ingila yara suna zama jarrabawar GCSE suna da shekara kamar goma sha shida, sannan masu niyyar jami'a su ƙara shekara biyu su yi A-level. Tun daga 2017 aka fara ba da sakamakon GCSE da lambobi daga 9 zuwa 1, kuma 9 ɗin ce mafi girma. Da na faɗa mata haka sai ta yi dariya ta ce ashe da a can take, masu F9 na ajinsu su ne gwanaye. A Ingila ɗin dai, abin da suke kira "public school" makaranta ce ta kuɗi mai tsada irin Eton, alhali a Amurka, kamar a wurinmu, kalmar makarantar gwamnati take nufi. Kalmar "college" a nan tana iya zama sakandare, tana iya zama kwalejin horar da malamai, amma Ba'amurke idan ya ce yana "college", jami'a yake nufi. Su Amurkawa azuzuwansu "grade" suke ce musu, daga na ɗaya har na goma sha biyu, kuma da kalmar dai suke kiran makin da ɗalibi ya samu. Haka nan mu muna cewa "write an exam", Bature ɗan Ingila kuwa ya fi cewa "sit" ko "take". Muna cewa ɗalibi ya yi "pass out" idan ya kammala, wanda a kunnen yawancin masu harshen suma ce. Ban ce mata namu kuskure ne da za ta ji kunyarsa ba, domin Turancin Najeriya ya daɗe da tsayawa da ƙafarsa, amma na ce mata mai duba takardar jarrabawa da ma'aunin daidaitaccen Turanci yake awo, don haka ya kamata ta san guda biyun, ta kuma san inda kowanne yake shiga.

Sai dai idan aka tambaye ni abin da ya fi tasiri a kan makinta, zan ce kalmomin umarni ne, waɗanda ake buɗe tambaya da su. Na lura tana amsa "state" da "explain" da "discuss" da "compare" duk iri ɗaya, wato ta zazzage duk abin da ta sani a kan batun. Muka ɗauki batu guda da ta sani kamar yunwar cikinta, makarantar kwana da ta jeka-ka-dawo, muka bi da shi ta kowace kalma: ta ambaci fa'idodi uku a taƙaice, ta bayyana dalilin kowace, ta tattauna ɓangarori biyu, sannan ta jera su kafaɗa da kafaɗa. Tunda batun bai canza ba, bambancin umarnin ne kaɗai ya rage a gabanta, kuma ta gan shi ƙarara. Na nuna mata yadda ake raba maki hamsin na insha'i: goma ga abin da aka faɗa, goma ga tsari, ashirin ga iya sarrafa harshe, goma ga ƙa'idojin rubutu, kuma wannan goma ta ƙarshe rabin maki ake cirewa a kan kowane kuskure, ta yadda kurakurai ashirin a cikin rubutun kalma 450 sun isa su cinye ta ƙurmus. A sashen taƙaitawa kuma, kwafo jimlolin marubuci yadda suke asarar maki ce, haka ma amsar da ba cikakkiyar jimla ba. Ba ta taɓa jin wannan ba, ko kuma ta ji a lokacin da ba ta san amfaninsa ba.

A jarrabawar Turancin akwai wata takarda ta uku da ake kira gwajin furuci, wadda har yau take ɗaure mini kai, domin a rubuce ake yin ta, canki-canka ce, kuma ɗalibi yana iya cinye ta bai buɗe baki ba. Mu dai mun buɗe. Bahaushe yana fama da raba sautin "p" da na "f", kuma kalmomin jarrabawa cike suke da su: "pass", "fail", "paper", "form", "pupil". Na sa ta riƙe ƙyallen takarda a gaban leɓɓanta, ta furta na farkon har takardar ta motsa, sannan ta ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa don na biyun. Ƙannenta suka mai da abin wasa, har aka yi kwanaki ana jin "pass" da "fail" a tsakar gida.

Bayan wata biyu ƙawayenta biyu suka shigo, zaman ya koma muhawara. Sun yi gardama da Turanci a kan satar amsa, a kan ko jarrabawa guda ta isa ta auna ilimin mutum, da kuma a kan cibiyoyin da ake biyan kuɗi a samu sakamako ba tare da an yi karatu ba, batun da kowace a cikinsu take da labari a kai. Ba zan ɓoye ba cewa wannan hanya tana da iyaka. Jarrabawar tana tambayar kalmomin noma da shari'a da kiwon lafiya da kasuwanci, kuma zancen makaranta ba ya kai mutum can. Daga baya dole muka fita daga aji muka shiga kasuwar Wunti da asibiti da gona, muka ƙara da karanta jarida. Amma mun shiga ne a lokacin da ta riga ta saba da tsara magana, ba ta ƙara zuba wa farar takarda ido.

Ta sake zama jarrabawar a zagayen masu zaman kansu na ƙarshen shekara, Turanci ya fito mata C5. Yanzu JAMB ce a gabanmu, tambaya 180 cikin awa biyu, sittin daga ciki na Turanci, kuma tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Burinta Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, don kada ta yi nisa da gida. Sabuwar matsalar ita ce ba ta taɓa zama gaban kwamfuta na tsawon awa biyu ba, don haka kowace Asabar da hantsi nakan bar mata tawa a kan tebur, in saita mata agogo, in fita zaure.